Ba A Tambayi Atu Ba

Tun da Hauwa'u ta hango Bube tsaye a gindin durumin ƙofar gidansu da hantsi, gabanta ya yanke ya faɗi. Mai neman aure ba ya zuwa zance da hantsi sai in wani abu ya ɓaci. Hularsa a karkace, ƙafafunsa duk taɓo, idanunsa sun yi jawur.

"Lafiya, Bube?"

"Kulu," in ji shi, don haka yake kiranta, "gidan nan shina son kuɓuce muna."

Ta dafa bango tana kallonsa.

Bari in warware muku yadda abin yake. Hauwa'u bazawara ce mai shekara ashirin da huɗu. A Fakku ta yi auren fari, a wani babban gidan gandu, kuma ba ta ga komai wurin mijin ba sai alheri har Allah ya karɓi abinsa. Amma ranar da ta fita takaba 'yan'uwan mamacin suka ce suna bukatar ɗakin. Da ƙullin kayanta a ka ta iso Tambuwal, ruwan sama na dukanta. A ranar nan mahaifinta, Malam Na'iya, ya rantse cewa 'yarsa ba za ta sake shiga gidan da za a ce mata tashi ba. Duk mai sonta sai ya mallaki gida a cikin garin Tambuwal, nasa na kansa, da shaidu da takarda da hatimin alƙali.

Ɗanmaliki mai fataucin goro yana da gidaje biyu, da sabon keke, da akwatin rediyo da ake taruwa a ƙofarsa ana saurare tun bikin samun mulkin kai na bara. Shi kuwa Bube mutumin Kebbe ne, noma da kiwo ya gada, ko bukka ba shi da ita a gari. To amma ina ruwan zuciya da keke? Bube take so, kuma kowa ya sani, har shi Ɗanmalikin da ke ta aiko da goro ana mayar masa.

Malam Na'iya ya ba Bube wa'adi zuwa mutuwar watan Maulidi. "In wata ya mutu babu takarda, kada ka koma aiko min kowa." Malam ba ya magana biyu, ita kuma Hauwa'u ta san ba za ta iya aure ba da albarkar ubanta ba. Shi ya sa Bube ya kori shanu bakwai na gadonsa zuwa kasuwa, don ya sayi gidan wani Ɗangiwa a cikin gari. Mahaifiyarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa, tana cewa wane mai hankali ke sayar da abin da ke haihuwa ya sayi laka.

Yau Litinin, kwana huɗu suka rage wa watan.

"Mi ya faru?" ta tambaya. "Ba kai kac ce min hatimi kaɗai ya rage ba?"

"Wallahi Kulu, babu abin da ban yi ba. Sau ukku na duba gidan Ɗangiwa. Na biyun sai da na jira anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan na shiga ina kallon rufi, in ga inda ke yoyo. Na ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya don gara. Na ɗebo ruwan rijiyar na sha. Na bi maƙwabta gida gida, na tambaye su iyaka da inda indararo ke zuba, kowa yac ce babu rigima. Munka yi ciniki a gaban dillali, na taya, anka ce albarka, na ƙara, Ɗangiwa da ƙanenai sunka sallama. Na ba da kafin alƙalami a gaban mai unguwa da shaidu fuɗu, daga baya na cika sauran. Anka rubuta takarda, anka raba goro, anka shafa fatiha. Mi ya rage wanda ɗan Adam ka yi?"

"To sai mi?"

"Shekaranjiya munka tafi wurin alƙali a buga hatimi. Alƙali yat tambaya, gidan na gado na? Anka ce na gado na. Yac ce magada nawa? Ɗangiwa yac ce su biyu. Sai ga Ɗanmaliki ya miƙe daga cikin mutane, yac ce, Allah gafarta Malam, akwai Atu."

"Wace Atu?"

"Ƙanwarsu, uwa ɗaya uba ɗaya. An kai ta aure Kebbe shekara talatin da ɗaya da sunka wuce. Ɗangiwa har da dariya, wai ai mace ta, ta daɗe da zama ta wasu."

Kai, maza! An ƙwanƙwasa azara, an sha ruwan rijiya, an tambayi inda indararo ke zuba, amma cikin mai saye da masu sayarwa da dillali da shaidu huɗu ba a samu ko ɗaya da ya ce, shin tsohon nan bai bar 'ya mace ba? Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Ɗanmaliki ya daɗe yana zagaye bangon.

Bube ya gaya mata abin da alƙali ya yanke. Tun da ba a raba gadon ba, kason Atu ba ya sayuwa sai da bakinta. Ba wannan kaɗai ba, shari'a ta ba ta ikon ta ajiye kuɗin da Bube ya biya ta karɓe gidan gaba ɗaya. An ce ta zo da kanta ranar Alhamis ta faɗi abin da ta zaɓa.

"Atu ba ta da ko anini," in ji Bube, "amma Ɗanmaliki shina da su. Ya riga ya kai ma mijinta. Nufinai ta karɓe gidan da kuɗinai, bayan kwana biyu ta sallama mashi. Ni a mayar min da kuɗina, ga wata ya mutu, ga shanu sun tafi." Ya share fuska da bakin riga. "Jiya na isa har ƙofarsu. Gidan kulle na, ba a shiga. Mijin yaf fito zaure yac ce ba ta da magana da ni. Ko muryarta ban ji ba, Kulu."

Hauwa'u ta ji hawaye na bin kumatunta, amma a ƙarƙashin tsoron wani abu ya motsa. Namiji ne ba ya wuce zaure. Ita kam wa zai tare ta?

"Koma masaukinka," ta ce. "Kada ka tambaye ni komi."

Washegari ta shiga motar 'yan kasuwa mai zuwa Kebbe, bayan Innarta ta yarda za ta ce wa Malam ta tafi barkar haihuwa. Ƙarya ga Malam Na'iya! Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi ba, kuma duk ramin da motar ta faɗa sai ta ga kamar alhakin ne ya fara kama ta. Sau biyu motar na kafewa a taɓo, maza su sauka su tura. A wani kwari ruwa ya kai har ga ƙafafun fasinja, mata suka ɗauki salati, ita kuwa ta rufe ido tana cewa a ranta, in na mutu a hanyar nan mi za a gaya wa Baba? Ga kuma tsoron kada wani ɗan Tambuwal ya gane ta ya kai labari. Ta ja mayafi har bisa hanci, ba ta buɗe ba sai da suka isa bayan la'asar.

Ta wuce mijin Atu a zaure yana gyaran igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ko ɗaga kai bai yi ba. Mace ce ta shiga wurin mata, mene ne abin kallo?

Atu na zaune a bakin murhu tana tsinke rama, doguwar mace siririya, furfura ta fara cin gabanta. Hauwa'u ta gaishe ta, ta faɗi sunanta da sunan ubanta. Hannun Atu ya tsaya.

"Ke ce anka sai da gidan ubana saboda ke."

"Ni ce, Inna."

"To mi kika zo nema? Kin zo ki ga wadda anka manta?"

Duk maganar da Hauwa'u ta shirya a mota ta gudu. Ta zube a ƙasa, kuka ya ƙwace mata.

"Inna, ki yi muna rai. Wallahi Bube bai san da ke ba."

"Wa ya san da ni?" Atu ta ture ƙwaryar ramar. "Da Baba ya rasu sai bayan kwana tara anka aiko min. Gona sunka raba, ban ji ba. Jakkai sunka sayar, ban ji ba. Na yi shiru, nac ce komi sunka ci, gidan na nan. Ɗiyata, ban haifi namiji a gidan ga ba. Maigidana ya tsufa, kin gan shi a zaure. Ranar da ya kwanta dama, ɗiyan ƙannenai za su shigo su auna ɗakin ga da ido. Ina za ni nufa? Shekara talatin da ɗaya abin da nika faɗa ma raina ke nan, in ta ɓaci ina da gidan uba. Sai ga mai keke ya zo da labari wai an raba goro a kai."

Ta goge ido da gefen zane.

"Mai keken ma bai tambaye ni ba. Da maigidana yay yi magana. Ni dai an ce in tafi ranar Alhamis in ce na karɓa."

"In kika karɓa, Inna, gidan zai zama naki?"

Atu ta yi wata dariya mara daɗi. "Kin ɗauke ni yarinya? Na san nashi za shi zama. Amma ko ba komi Ɗangiwa zai ji kunya a gaban mutane. Wannan kaɗai ya ishe ni."

Nan Hauwa'u ta daina roƙo. Ta gyara zama, ta ba ta labarin Fakku tun daga farko: yadda aka tsaya a kanta tana ɗaure kaya, yadda aka ƙirga tukwane kada ta haɗa da nasu, yadda ta yi tafiyar yini guda a cikin ruwa.

"Abin da kike tsoro, Inna, ni ya riga ya same ni. Da ban iske ƙofar Baba a buɗe ba, ban san inda zan kwana ba. Ba zan iya shiga gidan da anka rufe ma wata ƙofa don a buɗe min ba."

Atu ta dube ta. Can ta ce, a hankali, "Ɗakin da ke gabas, mai taga ɗaya, kusa da rijiya. Shina nan?"

Hauwa'u ta gane wanda take nufi. Ta san ɗakin sarai, ko da yake ba ta taɓa taka shi ba. Shi kaɗai ne ba ya yoyo. Shi Bube ya yi wa sabon daɓe da farar ƙasa, shi ya ce za a yi mata jere a ciki.

"Shina nan."

"Ɗakin uwata na. Ciki anka haife ni, ciki ta cika."

Hauwa'u ta ji maganar ubanta na yi mata amo a kunne: nasa na kansa. Gidan da wata ke da ɗaki a ciki, Malam zai kira shi na Bube? Ga shi ba ta shawarci Bube ba, ba ita ta sayar da shanu ba. Gaba kura, baya sayaki. Duk da haka ta buɗe baki.

"Ki riƙe shi, Inna. A rubuta a takarda naki na. Ranar da duk kika zo, ba baƙuwa kika zo ba."

Atu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta jawo ƙwaryar ramarta ta ci gaba da tsinka.

"Tashi ki yi salla," ta ce. "Rana ta faɗi."

Da safe ma ba ta tayar da maganar ba. Haka Hauwa'u ta komo Tambuwal ranar Laraba hannu rabbana, ba ta san ko gyara ta yi ko ɓarna ba. Malam Na'iya ya amsa gaisuwarta, ya dubi taɓon da ke gefen zanenta, ya koma kan carbinsa. Da ma faɗa ya yi da ya fi mata sauƙi. Tuwon ranar ko loma uku ba ta kai ba.

Ranar Alhamis zauren alƙali ya cika. Hauwa'u ta raɓe a cikin matan da ke waje ta bakin ƙofa, ta ja mayafi. Tana hango Bube a durƙushe kamar wanda za a yanke wa hukunci, da Ɗangiwa yana ta gyara rawani, da Ɗanmaliki cikin babbar riga sabuwa fil. Ga kuma Malam Na'iya a gefe da carbinsa, ya zo ganin ƙarshen abin da idonsa.

Aka kira Atu. Ta taso a bayan mijinta, amma da ta iso bakin ƙofa sai ta tsaya, ta waiwaya cikin mata.

"Ina Hauwa'u ɗiyar Malam Na'iya? Zo ki riƙe min hannu, ƙafafuna rawa suka yi."

Innalillahi! Hauwa'u ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kowa ya juyo. Carbin Malam ya tsaya cak a hannunsa. Babu yadda za ta yi, ta fito ta kama hannun tsohuwar.

Alƙali ya karanta takardar, ya bayyana wa Atu hakkinta dalla-dalla. Sannan ya ce, "Atu, gidan mahaifinki na. Mi kika ce? Kin sallama, ko kina karɓa?"

Mijin Atu ya yi gyaran murya. Ɗanmaliki ya matso gaba kaɗan.

"Allah gafarta Malam," in ji Atu, "koma tambayata."

"Ba ki ji ba?"

"Na ji. Shekara talatin da ɗaya ba wanda yat taɓa ce min mi kika ce a kan abin ubana. Ina son in ƙara ji."

Ɗangiwa ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ajiye takardar, ya sake tambayarta, a hankali, da cikakken sunanta da na ubanta.

"Na sallama ma Bube," in ji Atu, hawaye na zuba. "Sai dai ɗakin gabas na kusa da rijiya. Shi na kasona, ba na sayarwa ba na. Kuɗin mai keke kuma suna wurin wanda ya karɓa, a mayar mashi."

Alƙali ya dubi Bube. "Ka yarda da haka?"

Bube ya ɗago, ya dubi Hauwa'u, ya ga yadda ta runtse ido tana jiran abin da zai faɗo mata. Ya gane komai.

"Na yarda, Allah gafarta Malam."

Aka ƙara layi a takarda, Atu ta dangwala yatsa, aka buga hatimi. Amma Ɗanmaliki bai gama ba. A bakin ƙofa ya tari Malam Na'iya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, kai kac ce nasa na kansa. Gidan da wata ke da ɗaki ciki, gida na ko rabin gida? Ga kuma ɗiyarka har Kebbe, ba da saninka ba. Mu dai mun san Malam ba ya magana biyu."

Malam Na'iya ya kawar da kai. Ya sa takalmansa ya kama hanyar gida, ko waiwayen 'yarsa bai yi ba.

Bayan la'asar ya aika a kira ta zaure. Ta zo ta durƙusa nesa da buzunsa. Inna na laɓe a bayan ƙofa, ana jin numfashinta.

"Wa ya aike ki Kebbe?"

"Ba kowa, Baba. Ni na kai kaina. Inna ba ta da laifi."

"Ɗakin da kika ba da, shi na wanda anka yi ma farar ƙasa?"

"Shi na."

"Kin san abin da na rantse a kai, kuma kika ba da shi."

"Na sani, Baba." Kuka ya ci ƙarfinta. "Ka gafarce ni. Na tuna ranar da na zo maka da kaya a ka. Ita ba ta da mai buɗe mata."

Malam ya ci gaba da jan carbi. Ita kuwa ta riga ta sallama, tana jiran ya ce wata ya mutu.

"Na rantse ba za ki koma shiga gidan da za a ce miki tashi ba," ya ce daga ƙarshe. "Wanda ya yarda a bar ma tsohuwar da bai sani ba ɗakin da ya fi kowane, ban ga ranar da zai ce ma ɗiyata tashi ba."

Hauwa'u ta ɗago kai, ba ta yarda da kunnenta ba.

"Saura abu guda." Muryar Malam ta canza, ya kawar da ido gefe. "Na karanta, na kuma karantar, cewa bazawara sai da bakinta. Shekara biyu ana maganar aurenki a zauren ga. Na ji ta Ɗanmaliki, na ji ta Bube, na ji ta kawunnanki. Yau a gaban alƙali na tuna akwai wadda ban ji ba." Ya ajiye carbin a kan buzu. "Hauwa'u, mi kika ce?"

Ta buɗe baki, sai hawaye. Amsar na nan a bakinta tun shekara biyu, amma ba ita ta fara fitowa ba.

"Baba," ta ce, "koma tambayata."